Ranar da Magini Ya Nuna Mini Gabas

Ba zan taɓa mantawa da aikina na farko ba, ko da na so. Lokacin shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha, ko'ina a Gusau gini ake yi, ni kuma na dawo daga jami'a da digirin zanen gine-gine, kaina na rawa. Duk wanda ya ce mini Injiniya sai na gyara masa: "Akitek." (Har mahaifiyata ba ta tsira ba.)

Wani Alhaji mai fataucin hatsi daga Tsafe ya sayi fili, ya ce in zana masa gida. Ban leƙa filin ba. In je in yi me? Gidajen da na zana a makaranta duk a takarda suka tsaya, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Na jera masa banɗaki biyar a bango ɗaya don bututu ya yi sauƙi, dabarar da ta taɓa samo mini maki.

Ranar aza harsashi muka haɗu a filin: Alhaji da abokansa, liman da aka gayyato addu'a, sai maginin Alhaji, Malam Ɗanjuma, wani dattijo daga Bungudu. Na shimfiɗa zanen a kan mota, na yi ta bayani ina tsarma Turanci. Malam Ɗanjuma ya juya takardar ta daidaita da titi, ya dubi rana.

"Akitek, wanda ya tsuguna wanga ɗaki, ina yaka kallo?"

Na miƙa biro na nuna. Kowa ya bi biron da ido, har inda liman ya shimfiɗa dardumarsa.

"Duka biyar ɗin?" in ji Alhaji a hankali.

"Duka alƙibla suka kallo, Alhaji," in ji magini.

Liman ya yi salati, ya dube ni da tausayi. "Ɗana, shekara nawa ka yi makaranta?"

"Shida."

"Amma dai kana salla?"

(Gara a ce zagina ya yi.)

Malam Ɗanjuma ya tsinci kara, ya sake tsara gidan a ƙasa kafin shayi ya huce. Ni na riƙe masa bakin igiyar awo.

Yanzu duk ɗalibin da ya zo koyon aiki wurina, fili nake fara tura shi, in ce ya gai da magini har ƙasa. Shi ne jarrabawar ƙarshe, kuma a gaban jama'a yake ba da sakamako.