Buhun Gyaɗar da Babu Shi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na saɓi buhun iska a gaban jama'a ba. Manoma shida na je neman dawo da su. Malam Idi na Kunduru ya shekara tara yana kawo gyaɗa rumfata a Kankia, bara ya ɗauke ƙafa, maƙwabtansa biyar suka bi shi. Da na ji yana zuwa horon wasan kwaikwayo da wata malama ke ba manoma da 'yan kasuwa a Kusada, sai na je in lallashe shi.

Ban gane kan abin ba. Babu takarda, babu hadda. Doka ɗaya ce, in ji Malama: duk abin da abokin wasanka ya faɗa, ka ce "haka ne", ka ɗora naka. (Ni da musu ne sana'ata!)

Sai ta haɗa ni da Malam Idi. "Alhaji, kai ne manomi, shi ne mai saye."

Na yi kamar na dire buhu. Malam Idi ya naɗe hannun riga, ya zura hannu, ya ɓare ɗaya ya tauna, ya tofar, ya sosa ƙeya yana kallon gefe. Aka fashe da dariya. Ni kaɗai ban san wa yake kwaikwayo ba.

"Gyaɗar nan da danshi," in ji shi.

"Wallahi ƙar... haka ne," na ce, Malama na hararata. "Kuma iyalina na kwance asibiti." Ban san inda na samo maganar ba.

"To, ni likita ne?"

Maganata ce, shi na faɗa wa bara. Amma ba kunya ce ta fara kama ni ba, baƙin cikin manomi ne. Na sunkuya na sungumi buhuna, har da nishi, na fice. Sai da na isa gindin babur ina lalubar igiyar ɗaure shi na farga babu wani buhu.

Malam Idi ya leƙo. "Haba Alhaji, dawo a daidaita mana!"

Girma dai ya zube. Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ce, "Alhaji, a kama maka ka sauke?" Malam Idi ya dawo rumfata, uku cikin biyar suka biyo shi. Ban daina tauna gyaɗa ba, in da danshi zan faɗa. Sai dai yanzu nakan fara tambayar iyali, kuma in tsaya in ji amsa.