Benen da Na Gina wa Malama Ramatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da katin hoton kwamfutata ya yarda ya yi aiki ba. Da na san abin da zai biyo baya, da na roƙe shi ya ci gaba da taurin kai.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, kuma ni kaɗai ke amfani da Linux a garin (haka dai nake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni). Tsari ne na kyauta, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara, har wurin mai shayi nake wa'azinsa. Sai wani abokina ya kawo mini katin hoto daga Sakkwato, irin wanda ke sa hoto ya fito tangaran. Na soka shi cikin injin, Linux ta ce ita ba ta san shi ba. Duk direban da na saukar masa, wato manhajar da ke sasanta kati da kwamfuta, sai allo ya yi baƙi ƙirin, in goge in koma gidan jiya.

Mafarki ne ya sa na nace. Akwai Malama Ramatu, abokiyar aikina, wadda ban taɓa wuce "ina kwana" da ita ba. Kullum bayan la'asar, in motocin siminti sun lafa, sai in zauna ina gina mana gida a kwamfuta: bene mai shuɗiyar ƙofa, darbejiya a tsakar gida, tantabaru bisa soro. Na yanko hotonta daga na taron malamai na tsayar da ita a baranda, ni a gefenta cikin farar babbar riga da ban mallaka ba. Wannan hoton na shimfiɗa a fuskar kwamfutar, in yi ta kallo har shayina ya huce. Ina son ta ƙwarai, tsoro ne kawai ya fi ƙarfina.

Ranar taron iyayen yara aka ce in nuna fim ɗin wasan ɗalibai. Majigi yana cikin babban aji, ni da kwamfutata muna buro, wato ofishin da ke maƙwabtaka, waya ta bi ta taga. Shirina fim kaɗai zan tura bango. Ana cikin jawabai zuciya ta raɗa mini in gwada wani sabon direba, ko hoton ya burge Ramatu. Na sa, na kashe, na kunna. Allona ya yi baƙi.

Ina ta danne-danne ina gumi, sai na ji ajin ya yi tsit. Can dariya ta fara kamar yayyafi, ta zama ruwa sosai. Na leƙa ta taga. Ashe katin ya farka, amma majigi ya zaɓa ya bar allona. Ga benenmu ya cika bango, ga Ramatu ta fi ƙofa tsawo, ga ni ina murmushi. Wallahi ban taɓa ganin hoton ya yi kyau haka ba.

Ramatu ta rufe fuska da mayafi. Mahaifinta Alhaji Mamman, shugaban iyayen yara, yana sahun gaba. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka kira ni.

"Malam, gidan ga ya yi kyawo," in ji shi a hankali. "Sai dai ka makara. Tun watan jiya munka sa ranatta da wani ɗan garin Dogarawa. Ba ka jiya ba?"

Kowa ya ji sai ni. Har goron an raba a buro, na ci nawa ina kallon allo, ban tambayi na mene ne ba.

Tun daga nan na gane cewa in kana son mutum, bakinka za ka fara gyarawa kafin kwamfuta. Ni aka ba aikin haɗa fim ɗin bikin, kuma katin bai ba ni matsala ko sau ɗaya ba.