Abincin Dokin Suruki

Wani ne surukinsa zai yi doguwar tafiya, ya bar masa amanar dokinsa. Doki ne ingarma, jiki sumul, har sheƙi yake. Tsohon ya fi ƙaunarsa a kan 'yar da ya ba shi aure, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Mutumin naku kuwa ya samu tsohuwar dusa a bayan ɗaki, duk ƙwari da fumfuna, ya haɗa da ruɓaɓɓiyar ciyawa, ya dinga zuba wa doki. Kafin wani lokaci haƙarƙari ya fito reras, sai ka ce tsani.

Matarsa ta ce, "Maigida, wallahi Baba ya dawo ya ga dokin nan haka, ni da kai sai a lahira."

Mutumin ya zabura ya miƙe. Ya ruga wurin likitan dabbobi.

Likita ya ce, "Ka ɗebo mana abin da yake ci. Za mu sa a na'ura mu ga me ke ciki, mai gina jiki ne ya yi kaɗan, ko mai ba da ƙarfi, ko gishirin jiki."

Ya koma gida ya buɗe buhu, wari ya doke shi. Ya tuna ofishin likita, ga fanka, ga farin tebur, ga wata ma'aikaciya mai gilashi tana kallon mutane sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai! Ni in shiga wurin nan da wannan ƙazantar? A ce ni wane irin mutum ne?"

Sai ya zarce shagon abincin dabbobi. Ya ce wa mai shago, "Ba ni wanda ya fi kowanne kyau. Cikin tafi ɗaya ya isa."

Aka ba shi haɗin masara da waken suya da ɗanyar harawa, ƙamshi kamar mutum ya ci. Ya tsince, ya hure, ya ƙulle a sabuwar leda, ya kai.

Da ya koma jin sakamako, likita ya ce, "Malam, kai ɗan gata kake kiwo! Abincin nan ya yi masa ƙarfi da yawa. Ina jin cikinsa ne ya ɓaci, shi ya sa ba ya zama a jikinsa. Ka rage rabi, kuma ka riƙa sa shi gudu."

Sai ga mutumin naku yana washe baki, ya ji an yaba masa a gaban mai gilashi.

Ya dawo ya tsaya a gaban doki ya riƙe ƙugu. "Ka ji dai! An auna, an ce gata ne ya yi maka yawa. Munafuki!"

Ya raba ruɓaɓɓiyar dusa biyu. Kullum ya ja doki zagayen fili. Doki ya cinye tabarma, ya cinye igiyar shanya, ya fara kan zanen matar gida. Rannan iska ta taso, sai da ya jingina da katanga.

Mata ta fashe da kuka, ta je da kanta ta jawo likita har gida. Suna shiga, sai ga sallamar suruki, ko jaka bai ajiye ba.

Tsoho ya dubi abin da ke jingine da katanga, ya ce, "Wannan na wane ne? Ina nawa?"

Doki ya yi wata 'yar haniniya kamar tari. Tsoho ya saki jaka ya dafe ƙirji.

Likita ya leƙa buhu, ya toshe hanci. "Subhanallahi! Wannan ne ka kawo mana?"

"Haba likita, ai ina da kunya."

"To kai da ka san ba wancan yake ci ba, don me ka rage masa?"

Mutumin ya juya wurin surukinsa, ya baza hannu. "Ka ji fa, Baba! Shi da karatunsa da na'urarsa bai gane ba, sai ni?"