Rasuwar Ƙarfen Askin Baba Shu'aibu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido a buɗe, Baba Shu'aibu na Dutse Uku, tsohon heluman leburorin haƙar kuza, wanda rami ya rufta da shi sau biyu ya fito da ƙafarsa, yana sanar da rasuwar ƙarfen askinsa, ranar Juma'a da hantsi, bayan shekara talatin da ɗaya suna tare.

A Bukuru suka haɗu. Baba bai taɓa zama a aji ba, amma ko Turawan kamfani ba su kai shi iya riƙe marigayin ba. A kwance wuyansa, a ɗora reza mai baki biyu, a murɗa a hankali har ya ce ƙyas, sai aiki. In rezar ta dakushe, a goga ta cikin kofin gilashi, ta ƙara mako. Bai taɓa yankan mai shi ba sai sau ɗaya, ranar da aka canza kuɗi, kuma rediyo ke da laifi.

Marigayin bai yi jinya ba, abin lura ke nan. Ranar Alhamis lafiya lau ya yi ƙarr-ƙarr ɗinsa. Da la'asar Gwadabe, ƙanen uwargida Hasiya, mai tebur a kasuwar Terminus, ya kawo ziyara, ya nemi buta, ya daɗe a bayan gida, inda marigayin ke kwana a kan taga. Gwadaben nan wata uku yana tallan sabon yayi na roba, wanda ba a sa masa reza, sai dai a cire kan a yar, a koma teburinsa neman wani. Washegari aka tarar wuyan marigayi yana juyawa ba ya kamawa, irin na wanda aka murɗe da ƙarfi. Kafin a faɗa wa kowa, sai ga Gwadabe da na robar a takarda, wai kyauta. Baba bai ambaci sunan kowa ba. Tambaya kawai yake, wa ya aika wa mai kyautar da labarin rasuwar?

Marigayin ya bar burushi, da madubi mai tsaga, da reza huɗu marayu, da haɓa ɗaya da ta rantse ba za ta zama baiwar teburin suruki ba.

Za a kai gawa wurin Badung mai walda a Jos Jarawa ranar Litinin, ya duba wuyan. In ajali ne, a binne shi cikin gwangwanin taba a gindin gwaiba. In hannun mutum ne, jana'iza ta koma Terminus, a idon jama'a, kuma Baba da kansa zai yi jawabi.