Rariyar da Na Saka wa Kwamfutar Sakatariya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutane a sakatariyar ƙaramar hukumarmu a Anka don in nuna musu mai laifi.

Kwamfuta ɗaya ce a ofis, kuma ta koma tafiyar hawainiya. Ni ne mai difloma, saboda haka aka ce in bincika. Can cikin manhajar da ke jan ragamar na'ura akwai sashen da ake kira kanel. Ana iya sa shi ya ƙirga wane aiki ne ke cinye ƙarfinta. Na sa shi, sai bayanai suka yi ta zubowa kamar ruwan Agusta. Na kafa masa rariya, na ce ya tace, ya zubar da duk abin da ya fito daga wajena (ai likita ba ya auna kansa).

Abin da ya rage ya nuna mai laifin shi ne Baba Sanda, tsohon mai buga takardunmu, wanda ya shekara ashirin a kan tafireta. Sakatare ya ce idan ta tabbata, za a hana shi taɓa na'urar.

Na yi bayani da murya irin ta gidan rediyo, ina nuna lambobi da biro. Baba Sanda ya saurara har na gama. Ya ce a ƙauyen Abare ya ga masu wankin zinariya, kuma kafin su zubar da ƙasa sai sun sake dubawa.

"Ɗana, mi kaz zubar? Mu gani."

Na cire rariyar ina murmushi. Aikin da ya hau saman jerin, ya danne kowa, nawa ne: wata manhaja da ke matse sautin da nake naɗa a asirce kullum da rana, ina gwajin karanta labarai ko zan samu aikin rediyo. Sakatare ya ce a kunna.

Sai ga muryata ta cika ofis: "Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka..." Aka ji na yi tari, na sake farawa. Sau bakwai.

Baba Sanda bai yi dariya ba. Cewa ya yi muryar ta yi daɗi, sai dai labarin ne ba gaskiya ba.

Yana nan kan kujerarsa har ya yi ritaya, ni kuma sunana ya koma Masu Saurare. Tun daga ranar, idan zan tace abu, kaina nake fara zubawa a rariya.