Tsohuwa, Wayar da Ba Ta Rufa wa Kowa Asiri Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da kuka da hasken kwamfuta suka haɗu suka rina, Injiniya, mai rubuta manhajoji a ƙaramin ofishin nan da ke saman shagon tayoyi, tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa aron cajarta bai mayar ba, rasuwar wayar gwajinta wadda aka fi sani da Tsohuwa. Marigayiyar ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin aiki, igiya a jikinta, tana tsakiyar faɗin gaskiya.

Ba wanda ya san shekarunta. Kamfanin da ya ƙera ta ma ya daɗe da sallamarta, ya daina aiko mata da sabuntawa, kamar dangin da suka ƙaura ba su bar adireshi ba. Asalinta wayar Baba ce, mahaifin Injiniya, tsohon direban babbar mota. A hannunsa ta faɗi a kan kwalta, ta faɗi a ramin gareji, ta kwana a ƙarƙashin kujerar mota ana nemanta a gida. Da ƙannen Injiniya suka saya masa sabuwa, sai ya miƙa mata tsohuwar ya ce, "Ungo, ke da kika ce aikinki waya ne. Sai dai ki bi ta a hankali. Ba ta son gaggawa, ba ta kuma son raini."

Don kunyar uba Injiniya ta karɓa, ta jefa a jaka. A makon ne ofis ya gama wata manhaja ta sayen tikitin mota, kowa ya gwada a wayarsa ya ce sambarka. Da wasa ta ɗora ta a kan wayar Baba. Ashe Baba, saboda raunin ido, ya ƙara girman rubutun wayar har ƙarshen ma'auni. Kalmomi suka kumbura, suka ture juna, suka tunkuɗa maɓallin "Aika" can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Wato duk dattijon da ya buɗe manhajar zai cika komai, ya zauna yana kallo, mota ta tashi ta bar shi. Injiniya ta jawo goran ruwa ta jingina wayar a jikinsa. Tun daga ranar Tsohuwa ta sami mazauni a teburin.

Za a tuna da marigayiyar a matsayin mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. Cikinta ƙarami ne, don haka duk manhajar da ta cika ci, sai ta amayar da ita ta koma fuskar farko kamar ba ta taɓa saninta ba. Ita ce ta fara nuna cewa rubutun da ofis ya zaɓa don ado bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, ta mayar da su ƙananan akwatuna, har sunan mutum ya koma kamar kayan da aka jera a tasha. In cajinta ya ƙare aka sake kunna ta, sai ta farka tana ganin har yanzu shekarar da aka ƙera ta ake ciki, manhaja ta ƙi haɗuwa da intanet, da haka aka koyi gaya wa mutane su duba kwanan watan wayarsu kafin su zagi kowa. Sabis kuwa, ko a gindin eriya take, sanda ɗaya take kamawa. Duk shafin da ya buɗe a kanta, zai buɗe ko a cikin rijiya.

Wanda ya fi shan wuya a hannunta shi ne Dogo, abokin aikin Injiniya, mai kwamfutar da fankarta ke ruri kamar injin niƙa. In aka kawo ƙorafi, amsarsa ɗaya ce.

"To ai a tawa yana aiki."

Injiniya ba ta musu da shi. Takan ɗauko Tsohuwa ta ajiye a gabansa ta ce, "Bismillah." Ya latsa, Tsohuwa ta yi tunani, ta yi tunani, ta yi ƙirrr a kan tebur, ta rufe masa manhajar a fuska.

"Wannan ba waya ba ce, Injiniya, mayya ce."

"Mutanen da za su yi amfani da abin nan, taka za su riƙa zuwa aro?"

Oga kuwa, mai ofishin, kunya Tsohuwa take ba shi. Ranar da wasu baƙi masu kwat suka zo ganin aiki, ya leƙo ya ce, "Don Allah ɓoye wannan abin, kada a ce ba ma biyan albashi." Aka tura ta cikin durowa. Oga na tsaka da bayanin yadda ofishinsa ke tafiya da zamani, sai durowa ta ɗauki ƙara, tilin-tilin-tilin, tana tuna wa Baba lokacin shan maganin hawan jini. Ɗaya daga cikin baƙin ya taɓa aljihu ya ce wallahi an tuna masa nasa.

Ba za a ɓoye ba, marigayiyar tana da nata hali. In aka kunna ta, sai an dafa shayi an sha kafin ta gama waƙar tashinta. Takan yi zafi har a ce da ita za a goge riga. Takan kira tsofaffin abokan Baba daga cikin jaka ba wanda ya aike ta, su yi ta sallama suna jin ƙarar makullai. Injiniya ta yafe mata duka, tana kuma roƙon waɗanda aka kira su yafe.

Ciwon ajali ya zo daidai da aikin da ya fi kowane nauyi. Wani asibiti ne ya ba ofis kwangilar manhajar da nas-nas za su riƙa bi gida-gida da ita suna rajistar jarirai don rigakafi. Nas za ta rubuta sunan uwa da ranar haihuwa da kwatancen gida, sannan ta ɗauki hoton katin jariri. Ba a jima da fara aiki da ita ba ƙorafi ya fara zuwa. Da zarar an ɗauki hoto, duk abin da aka rubuta sai ya ɓace. Nas na tsaye a rana, jariri na tsala kuka, uwa ta bar tukunya a wuta, sai a sake tambayarta sunanta daga farko. Wasu iyayen suka fara rufe ƙofa. Babbar Nas, shugabarsu, ta kira Oga ta ce in mako ya ƙare ba a gyara ba, su riƙe abinsu, ita da 'yan matanta za su koma biro da takarda.

Oga ya ajiye waya ya zo ya tsaya a kan Injiniya. "Ke kika rubuta wannan ɓangaren. In kwangilar nan ta tafi, ban san da me zan riƙe tebur biyu a ɗakin nan ba." Bai faɗi teburin da zai fita ba, amma ba Dogo yake kallo ba.

Aka gwada a duk wayoyin ofis, lafiya lau. Dogo ya ɗauki hoton bango, hoton fanka, hoton ƙeyar Oga, ba abin da ya ɓace. Injiniya ta karanta abin da ta rubuta har layukan suka fara rawa a idonta, ba ta ga laifinsu ba. Kuskuren da ya ƙi fitowa a gabanka, ta ina za ka kama shi? Ta san mai fito da shi. Sai dai a lokacin Tsohuwa na kwance. Bayanta ya ɗaga, murfi ya rabu da jiki, da robar ɗaure kuɗi ake riƙe da ita.

Ta sauka da ita wurin mai gyaran waya na bakin titi. Ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye ta nesa da kansa.

"Anti, wannan cikin ba na haihuwa ba ne. Batir ne ya kumbura, irinsa kuma an daina yi. Ki kashe ta ki bar ta ta huta. In kika matsa mata, ko ta mutu ko ta kama da wuta, ko ta haɗa miki duka biyun."

Injiniya ta hau bene da ita a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta daɗe zaune tana kallonta. Ta tuna nas ɗin da ke tsaye a ƙofar gidan mutane, ta tuna teburinta, ta kuma tuna cewa wannan abar ta shekara da shekaru a aljihun ubanta. Daga ƙarshe ta sunkuya ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri, Tsohuwa. Sau ɗaya kawai."

Ranar Talata aka kwashe takardu daga tebur, aka kwantar da marigayiyar a kan farantin tangaran. Dogo, wanda ya sha kiranta mayya, shi ya sauka da kansa ya ciko bokiti da yashi ya tsaya a gefe. Injiniya ta haɗa ta da kwamfuta don duk abin da ya faru a cikinta ya fito a rubuce. Tsohuwa ta yi waƙar tashinta da muryar da ta dushe. Aka cika suna, aka cika rana, aka cika kwatance, aka latsa kyamara. Ta yi jim, ta buɗe ido, ta ɗauki hotonta na ƙarshe, Dogo riƙe da bokiti, baki buɗe. Da ta dawo kan manhajar, shafi fari fat, ko harafi ɗaya babu.

Injiniya ba ta taɓa murnar ganin aikinta ya lalace kamar ranar ba. A fuskar kwamfuta ga wasiyyar marigayiyar nan, layi bayan layi. Waya mai ƙaramin ciki ba ta iya riƙe manhaja da kyamara a lokaci guda, sai ta kashe manhajar a ɓoye don kyamara ta sami wuri, in an gama ta sake tayar da ita ba tare da abin da aka rubuta ba. Wayoyin ofis masu manyan ciki ne, shi ya sa suka yi ta rufa asiri. Irin wayoyin nas-nas kuwa, 'yan'uwan Tsohuwa ne.

"Na gani! Dogo, na gani!"

Ta juyo don ta gode mata. Tsohuwa ta yi ƙirrr sau ɗaya a kan farantin, fuskarta ta yi fari, sannan ta yi baƙi. Ba ta kama da wuta ba. Har a tafiyarta ba ta ɓata wa kowa takarda ba.

An yi iya ƙoƙari. An danne maɓalli, an canja caja, an canja soket, an ɗan bubbuga ta a tafin hannu. Oga ya ce a binne ta a shinkafa, aka tuna masa ba ruwa ta faɗa ba. Dogo ya ajiye bokitinsa, ya cire hula.

Gyaran bai kai tsawon wannan sanarwar ba. Injiniya ta sa manhajar ta adana duk abin da aka rubuta kafin a buɗe kyamara, ta dawo da shi bayan an rufe. Sai dai mai shaidar ta tafi. Don haka washegari ta je asibitin da kanta. Babbar Nas ta dube ta ta saman gilashi, ta zaro wata waya da aka liƙe bayanta da filastar ciwo, fuskarta a tsage kamar busasshen tabki. Ta rubuta, ta ɗauki hoto, ta jira. Suna na nan, rana na nan, kwatance na nan.

"To, 'yata, yanzu kika yi aiki."

Injiniya ta kasa ɗauke ido daga wayar. "Mama, ba za ki sayar mini da ita ba?"

"Ji min yarinya! Je ki nemi taki."

Da aka kai wa Baba labarin rasuwar, ya yi salati, sannan ya tambaya ko an cire lambar mai facin nan na bakin gada, don a cikinta kaɗai take. Ba a cire ba. Ana neman afuwarsa.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya, wadda ba ita ce ta asali ba, da katin ajiya cike da hotunan tayoyi da na jikoki, da robar da ta yi jinyarta har ƙarshe. Ta bar Injiniya da teburinta, ta bar Dogo ba mai ƙaryata shi. Ta kuma bar kurakurai masu yawa da ba a haifa ba tukuna, waɗanda yanzu za su isa hannun jama'a ba mai tare su a hanya.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan tashi daga aiki. Bisa shawarar mai gyara, za a raba ta da batirinta a miƙa shi ga masu karɓar matattun batira, kada ya tashi da ofis. Lasifika da ƙananan kusoshi an bayar da su sadaka ga wayoyi mabuƙata. Sauran jiki za a kwantar da shi a durowar ƙasa, cikin tsofaffin igiyoyin da suka riga ta. Za a karɓi gaisuwa a ofis, a hawo ta matakalar da ke gefen shagon tayoyi. Wanda ya san zai ce "ai waya ce kawai" ya yi zamansa a gida.

Iyalan suna godiya ta musamman ga Oga, wanda ya zo ta'aziyya da sabuwar waya dal a kwali, mai kyamara uku da cikin da ba ya cika. An gwada ta da duk manhajojin ofis, har da waɗanda aka san guragu ne, ta ce duka lafiya lau. Injiniya ta karɓi baƙuwar hannu biyu, ta fara yi mata tarbiyya. Ta sa ta a zauren hirar dangi don ta cika da bidiyo, ta ba 'ya'yan ƙanwarta su yi wasa da ita, jiya ma ta bari ta zame daga kan tebur. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ana roƙon duk wanda ya halarta ya taya ta da addu'a, Allah Ya sa yarinyar nan ta lalace da wuri.