Ranar da Shamsu Ya Gyara Tafki

"Ku ba ni tafki ɗaya da wata uku. In Turawa ba su yi layi tun daga Kalgo har bakin ruwa ba, ku canza mini suna!"

Mai wannan magana a teburin shayi na bakin tashar Gwandu, ɗan'uwa, shi ne Shamsuddeen, wanda ya raɗa wa kansa Shamsu Manaja. Shekara bakwai ba ya gari. Da ya dawo ya tarar an dasa fitilun sola a titi, filin ƙwallonsu ya zama jerin shaguna, abokan yawonsa sun ajiye tumbi, ba su da hira sai ta taki da 'ya'ya. Mai shayin ma ya daina shiga gardama, waya yake latsawa. Komai ya sauya ban da bakin Shamsu. Da gudu ya tafi da shi, ya dawo da shi an ƙara masa giya kamar mota.

A faɗarsa, shi ya riƙe wani babban gandun daji can gabas. Giwaye sun san muryarsa, baƙi ba sa karyawa sai sun ji ra'ayinsa. Wani direba kuwa ya tsegunta mana cewa sandar ƙofa yake ɗagawa mota ta shige, ya sauke. Shekara bakwai, ɗaga, sauke. Amma wa zai ja da mutumin da ke sanye da riga mai aljihu goma sha biyu?

Sati uku da dawowarsa zama ya fara isarsa, sai ga labari. Wata ƙungiya mai taimaka wa ƙauyuka su ci moriyar masu yawon buɗe ido ba tare da an ɓata daji ba za ta turo mutum biyu su duba tafkin Tungar Maikifi, can gefen Kalgo, inda gwaggonsa Hafsi take aure. Tafki ne da tsuntsaye ke cika shi da sanyi: kirinjijiya, dinya, zalɓe, har gauraka in an yi sa'a. Idan wurin ya yi musu, za su ɗauki nauyinsa, su naɗa mutum guda mai kula da shi da yi wa baƙi jagora.

Shamsu bai ƙarasa shayinsa ba. Mai kula da tafki! Ya riga ya ga sunansa a jikin ƙofar ofis. Washegari da hantsi yana gaban mai garin Tunga yana zuba, dattawa suna kallon aljihunan nan suna gyaɗa kai. Kafin azahar an damƙa masa shirin tarbar baƙi gaba ɗaya.

Ya zagaya tafkin hannu a baya, yana tsaki.

"Haba jama'a! Baƙo zai zo gidanka ka bar masa wannan ƙazanta? Duk ciyawar nan a sare ta, a ƙone. Ina son mutum ya tsaya nan ya hango can."

Wani tsohon masunci, Baba Bawa, wanda ya fi shekara arba'in yana jefa taru a ruwan, ya ɗago daga ɗinkin komarsa.

"Wanga yaro, cikin hakin ga tsuntsayen ka kwana."

"Baba, kai kifi ka sani. Harkar baƙi ilimi ce. Ka taɓa ganin Bature ido da ido?"

"A'a."

"To ka gani."

Kwana biyu ana sara ana ƙonawa. Bakin tafki ya fito fes kamar kan da wanzami ya gama da shi. Rabin tsuntsayen suka duba suka ga an rushe musu unguwa, suka kama gabansu. Shamsu ya ce ai dama raggagen ne suka tafi, masu kyan suna nan.

Ranar zuwan baƙi ya kafa rumfa, ya jera kujerun roba, ya ɗauko makaɗa uku da maroƙi mai lasifika. Ya kuma nemo maharba huɗu da bindigoginsu na toka, don a ƙasar nan babban baƙo ba ya sauka shiru kamar ɓarawo.

Mota ta tsaya. Ba Turawa ba ne. Wata Malama Esther ce 'yar Zuru, da madubin hangen nesa rataye a wuya, sai abokin aikinta Malam Joel da kyamara mai baki kamar taɓarya. Malama Esther ta sa yatsa a leɓe tun kafin ta rufe ƙofar mota, don ta hango tafkin ya yi baƙi da kirinjijiya.

Shamsu ya ɗaga hannu kamar mai ba da umarnin yaƙi.

Daram! Daram! Daram! Ta huɗun ta ƙi tashi, sai da maharbin ya leƙa bakinta sannan ta yi tunani ta tashi, Allah ya kiyaye hularsa kawai ta tafi. Kalangu ya ɗauka. Maroƙi ya ɓarke. Tafki kuwa ya yaye gaba ɗaya ya hau sama. Ɗan'uwa, ko balbela ba ta tsaya sallama ba.

Malama Esther ta bi su da madubi har suka zama ɗigo.

"Malam, waɗancan da suka tashi fa?"

"Motsa jiki suka tafi, ranki ya daɗe. Kullum war haka suke zagaye. Ni na san tsarinsu. Bismillah, a zauna a sha fura."

Aka zaunar da baƙi. Aka kawo fura, aka kawo soyayyen kifi, aka kawo jawabin mai gari. Shamsu yana murmushi yana satar kallon sama. Sama wayam. Tafki wayam, sai wani kwaɗo da ya fito ya ga abin da ake ciki. Gumi ya fara cika aljihu na farko.

Nan dabara ta faɗo masa, irin wadda ke faɗo wa mutum in Allah ya so a yi dariya. Gwaggo Hafsi ta tafi suna Kalgo tun safe. A bayan ɗakinta kuwa akwai agwagi goma sha bakwai.

Ya ce wa baƙi zai je ya duba iska. Ya zaga ta bayan gari, ya buɗe akurki, ya koro su da kara. In ba ka taɓa korar agwagi goma sha bakwai ta cikin gonar albasa ba, kada ka yi wa Shamsu dariya tukuna. Wannan ta yi gabas, waccan ta zauna ta ƙi tashi, namijin ya juyo ya kama masa wando. Sau biyu yana zama cikin laka. Da ƙyar ya tura su ruwa ta can ƙetare, ya wanke ƙafa, ya dawo rumfa yana haki.

"Alhamdu lillahi, sahun farko sun sauka. A duba can!"

Malam Joel ya saita taɓaryarsa. Ya duba, ya sauke, ya dubi Malama Esther. Ita ma ta duba. Ta ciji leɓe, ta buɗe littafinta da natsuwa irin ta malaman makaranta.

"Ikon Allah. Malam Shamsu, waɗannan daga ina suke zuwa?"

"Daga Turai. Wata biyu suna tafe a sama."

"Ga su kuwa da ƙiba. Ba su yi kama da waɗanda suka ƙetaro hamada ba."

"Suna yada zango, ranki ya daɗe. Ba su da gaggawa."

"Waccan fa mai jan ƙyalle a ƙafa?" in ji Malam Joel.

"Yawwa, ka yi tambaya! Masu bincike na can ne suke ɗaura musu. In ka kwance za ka ga lamba."

"Atamfa ce fa."

"To ai Turawa ma sun waye."

Mutanen Tunga sun gane agwagin tun daga tafiyarsu, amma kowa ya kama bakinsa, don ba a kunyata ɗan gari gaban baƙo. Mai gari ya dage yana nazarin ƙasan ƙoƙon furarsa. Da an ƙara minti goma, wataƙila da an rabu a haka.

Sai aka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Gwaggo Hafsi ce, ko mayafin suna ba ta cire ba. Ta sauka mota ta tarar da akurki a buɗe, ta bi sawu har bakin ruwa. Tana tsaye bayan rumfa da kwanon dusa, tana dukansa da ludayi.

Tsuntsayen Turai suka ɗaga kai lokaci guda. Suka juyo. Suka keto tafki a jere, suka fito, suka karkaɗe jiki, suka ratsa tsakiyar rumfa ta tsakanin ƙafafun baƙi, namijin a gaba yana huci. Ɗaya ta tsaya ta bar wa takalmin Malam Joel tsaraba.

"Shamsu! Kai Shamsu ɗan Amadu!" Gwaggo ta nuna shi da ludayi. "Agwagina ka kwasa? Wagga mai jan ƙyalle kwanci take bisa ƙwai goma sha biyu, ka tashe ta! In sun huce, kai za ka hau ka kwanta musu!"

"Gwaggo, ana taro ne..."

"Taron mi? Dube ka, laka har ƙeya!"

Maroƙi, da yake an riga an sallame shi kuma bakinsa bai saba zama banza ba, ya kai lasifika baki: "Sannunku da hanya, 'yan Turai! A gaida gida, a gaida dusa!"

Nan rumfa ta tarwatse. Mai gari ya ƙware da fura. Malama Esther ta rufe fuska da littafi, kafaɗunta suna rawa. Shamsu ya tuna yana da wani muhimmin uzuri a Gwandu, ya tare babur ko ciniki bai yi ba.

Bayan an watse Baba Bawa ya matso, ya ce wa baƙin akwai wani lungu can bayan tafki inda lauje bai kai ba, nan tsuntsayen suka koma. In za su iya tashi da asuba su kuma yi shiru, zai kai su a kwalekwale. Suka je. Awa uku ba wanda ya yi tari. Malam Joel ya ɗauki hoto har kyamararsa ta cika.

Bayan sati biyu takarda ta iso: an karɓi tafkin, da sharaɗin a bar ciyawa ta dawo, an kuma naɗa Baba Bawa mai kula. Shamsu ya shaida wa teburin shayi cewa shi ya ƙi aikin, ƙasar nan ba ta kai ta riƙe irinsa ba, Legas ake nemansa.

Yana tsakar gida yana danna kaya cikin jaka sai ga sallamar Yusufa mai fenti, da fensir a kunne da takarda a hannu.

"Manaja, gara da na same ka. Mutanen Tunga sun ba ni aikin allon da za a kafa bakin tafki. Sun ce lallai fuskarka ta fito."

Shamsu ya saki jaka. Ya leƙa waje ya kira maƙwabta.

"Ku zo ku ji! Ba na faɗa muku ba? Sai da na ce zan tafi suka san wa suka rasa. Yusufa, ta wane gefe na fi kyau?"

"Duk ɗaya ne. Zauna nan."

Ya zauna bisa turmi, ya fito da ƙirji, ya kafe ido can nesa kamar mai hangen giwaye. Yusufa yana ta zane. Da Shamsu ya gaji da riƙe numfashi sai ya miƙa wuya ya leƙa takardar.

Da'ira uku ce a jere, alamun abubuwan da aka hana a bakin tafki, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ta farko bindiga, an ja mata jan layi. Ta biyu wutar daji, an ja mata jan layi. Ta ukun ma an riga an ja mata nata layin, a ƙarƙashinsa kuma kunnuwa biyu sun fara fitowa.

"Yusufa... wannan ta ukun fa?"

"Ita nake cikewa, Manaja. Ɗan ɗago haɓa."